Na sayi mai shara, aka kawo mini masassaƙiya

Wata bakwai ke nan da na sayi bushiyar teku, wata 'yar dabbar ruwa mai siffar ƙwallo da ƙayoyi, don tankin kifina, daga wani kantin intanet mai sayar da halittun ruwan gishiri, kuma da gangan na jinkirta faɗin ra'ayina. Da a makon farko na rubuta, da yabo zalla za ku karanta. Da a wata na biyu ne kuwa, da an ji abin da bai kamata a ji daga bakin dattijo ba. Yanzu rai ya kwanta, ina iya raba laifin kanti da halin dabba, in kuma ɗauki nawa kason.

Tankina na gilashi ne, mai cin lita 200, ya shekara biyu yana aiki. A cikinsa akwai tarin dutsen murjani da na jera kamar ƙofar gari, da ƙananan kifi huɗu, da 'yan rassan murjani masu rai guda shida (halittar teku ce mai girma kamar reshe, ita ke gina irin wannan dutse) waɗanda na liƙa a kan dutsen. Abin da ya hana ni barci shi ne wata koriyar gansakuka mai gashi-gashi da ta taso daga kusurwa ɗaya ta fara cin tankin. Na zuba dodon koɗi, suka yi ta zagaye ta kamar ba su gan ta ba. Na tsige da hannu, bayan kwana goma ta dawo ta fi da. A nan ne na ci karo da tallar kantin. Ƙarƙashin hoton wata ƙwallo mai ƙaya an rubuta layi biyu: bushiyar teku, mai cin gansakuka, ba ta taɓa murjani, ta dace da sabon shiga. Babu sunanta na kimiyya, babu tekun da aka ɗebo ta. Ban tambaya ba. Wannan shi ne kasona na laifin.

Wajen aiko da kaya, ban ga abin kushewa ba. Kwana ɗaya ta yi a hanya. An sa ta a leda mai kauri ninki biyu, ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, an ɗaure bakin tamau, an saka cikin farin akwatin soso tare da ɗan ƙunshin da ke ba da ɗumi. Abin da na fara dubawa shi ne gindin ledar, domin bushiyar teku in ta galabaita ƙayarta ke fara zuba. Ko ɗaya ban gani ba. Sun haɗo da takarda mai cewa kada in juye ta cikin tanki kai tsaye, in riƙa ɗiga mata ruwan tankina sannu a hankali har sama da awa guda. Shawara ce ta gaskiya. Wannan dabba ba ta da hanyar daidaita gishirin jikinta yadda kifi ke yi, ruwan da ke cikinta kusan ruwan da ke kewaye da ita ne, don haka sauyin gishiri na farat ɗaya yana iya kashe ta. Na ɗaure siririn tiyo, na bar shi yana ɗiga cikin bokiti minti casa'in. Gishirin tankina yana kusa da giram 35 a kowace lita, zafinsa digiri 25.

Da na ɗago ta a tafin hannu sai na ga ba ƙwallo ba ce sosai. Ta ɗan miƙe ta gefe ɗaya kamar ƙwai. Jikin bai wuce santimita 4 ba in an cire ƙaya. Ƙayoyin gajeru ne masu kauri a gindi, suna tsukewa zuwa tsini, launinsu tsakanin ruwan ƙasa da shunayya, kuma kowace ƙaya tana da farin zobe a inda ta haɗu da jiki. Zoben nan ya ba ni sha'awa ƙwarai. Ban san a lokacin cewa shi ne katin shaidarta ba.

Dare uku na farko ta yi abin da na saye ta dominsa. Ta bi gefen dutse ta bar fili fes a bayanta, faɗin yatsa biyu, kamar an bi da reza. 'Yata ƙarama ta tsaya gaban gilashi ta ce, "Baba, ƙayar nan tafiya take yi." A dare na huɗu ta sami wata tsaga a ƙasan ginshiƙin hagu na ƙofar da na gina, ta shige, shi ke nan. Da rana na yi ta leƙe ban gan ta ba, har na fara neman gawa. Sai da na kashe fitilar tanki na dawo da ƙarfe ɗaya na dare da tocila mai jan haske, na same ta rabin jiki a waje tana kankarar bakin tsagar. Da asuba ta koma. Bayan mako biyu na lura da wani farin gari mai ɗan ƙwaya-ƙwaya yana taruwa a ƙasan wurin, kamar wanda ake gani ƙarƙashin katakon da gara ta shiga.

Garin nan ne ya sa na zauna na binciki abin da na saya. Siffar ƙwai da farin zoben suka kai ni ga sunanta: Echinometra mathaei, wadda wani masanin dabbobi ɗan Faransa, Blainville, ya bayyana a 1825. Tana cikin bushiyoyin teku da suka fi yawa a ruwan zafi na duniya. Ana samun ta daga Bahar Maliya da gaɓar Gabashin Afirka da Madagaska, a ratsa Tekun Indiya, a bi Indonesiya da arewacin Ostareliya da kudancin Japan, har tsibiran Hawai a tsakiyar Tekun Fasifik. An taɓa samun ta a zurfin da ya haura mita 100, amma gidanta na ainihi shi ne bakin gaɓa, ruwan da bai kai gwiwa ko ƙugu ba, inda igiyar ruwa ke dukan dutse dare da rana.

Wanda ya gane wurin zamanta ya gane halinta. A irin wannan wuri duk abin da bai kama dutse da kyau ba ruwa zai fizge shi ya maka da ƙasa. In teku ta janye kuma rana ta gasa shi, in ta dawo kifi ya same shi a fili. Maganin ukun duka ɗaya ne: rami. To ita ba ta jiran ta tsinci rami daidai jikinta, sassaƙa shi take yi. Ta sami 'yar tsaga tun tana ƙarama, ta yi ta ci da haƙori tana gogawa da ƙaya, ramin yana girma tana girma. A dutsen murjani mai laushi aikin yana sauri, amma a Hawai har baƙin dutsen aman wuta tana raraƙewa. Akwai gaɓoɓin da za ka ga dutsen ya zama kamar saƙar zuma, kowane gurbi da mai shi a ciki.

Haƙoran na gan su da idona, daren da ta hau gilashin gaba, abin da sau biyu kawai ta yi a wata bakwai. Bakin yana ƙarƙashin jiki, a tsakiya. Farare biyar ne, sun haɗu kamar bakin injin huda da ke riƙe ƙusa, suna buɗewa suna rufewa a hankali. Gaba ɗayan na'urar taunar ana kiran ta fitilar Aristotle, saboda wannan masani na ƙasar Girka ne ya siffanta ta tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin mamaki, sinadarin da aka yi haƙorin da shi ɗan'uwan wanda ke cikin dutsen da take ci ne, sai dai an cakuɗa shi da maganiziyam ya ƙara tauri, musamman a tsini. Yana lalacewa ta gaba yana tsirowa ta baya, ba ya daina girma, kuma yadda yake ɓarewa ne ke wasa shi. Wuƙa ce mai wasa kanta. Na tsaya a wurin da tocila har ƙafata ta yi sanyi. Gilashi dai ya fi ƙarfinta, bai nuna ko ƙwarzane ba. Mai tankin roba mai kama da gilashi shi ne zai yi tunani sau biyu, don roba ba ta da wannan taurin.

Farin garin kuwa kashinta ne. In ta kankare gansakuka tana haɗawa da fatar dutsen, ta haɗiye, ta fitar da shi yashi.

Yanzu ga ɓarnar. Dutsena ya shekara biyu yana yin wani ɓawo mai ruwan hoda da shunayya, irin gansakukar nan mai tauri da duk mai tankin ruwan gishiri ke alfahari da ita, don ita ce alamar tanki ya nuna. A wata na biyu duk kewayen raminta ya koma fari fat kamar ƙashi. Koriyar gansakukar da na saye ta dominta tana nan tana kaɗa gashi a ɗaya kusurwar, taku ɗaya bai kai ba, amma ba ta je ba. Abin da ke cikin tazarar tafin hannu daga ƙofarta shi ne nata, sauran duniya ba ruwanta. Sannan wata safiya na tarar da reshen murjani biyu kwance a yashi, fuska a ƙasa. Ba ci ta yi ba. Hanya ta zo bi ta ture su, yadda saniya ke ture tukunya ba da niyya ba. Ɗaya na ceto shi, ɗayan ya kwana cikin yashi ya mutu. Don haka in an ce ba ta taɓa murjani, to gaskiya ce irin ta lauya: ba ta cin sa, amma tana kayar da shi, kuma tana cin ƙasan da yake tsaye a kai. A ƙarshen wannan watan ne kuma dutsen saman ƙofar ya ɗan zame, saboda ta cusa kanta tsakanin ginshiƙi da abin da yake ɗauke da shi ta yi ta turawa. Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda abu mai girman ƙwan kaza yana da wannan ƙarfi ba.

Na rubuta wa kantin, na haɗa da hoto. Sun amsa a ranar, cikin ladabi, suka ce za su musanya mini da wata irin in na mayar da wannan. Wannan na yaba. Amma da na tambaye su wace iri ce suka sayar mini, sai amsa ta zo cewa kayan a gauraye suke iso musu, duk ƙananan bushiyoyi masu gajeren ƙaya suna ɗaya suke sa musu. Da na tambayi tekun da ta fito, ba su ce komai a kai ba. A nan ne ƙorafina yake, kuma har yau bai gushe ba. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to amma ni ƙwarya aka rubuta a jiki. Wanda ke neman mai yawon share tanki, akwai irin da aka sani da wannan aiki, kamar Mespilia globulus, 'yar ƙarama mai gajerun ƙayoyi da ratsin shuɗi, wadda ke zagaye ko'ina tana ɗora tarkace a ka. Ita ma tana cin ɓawon ruwan hodar, amma ba ta haƙa gida. Bambancin su biyun ba ƙaramin abu ba ne, kuma duba ɗaya ya isa mai sayarwa ya gane shi.

Tambayar teku ma ba ta neman magana ba ce. Wannan dangi nata na Echinometra ya kasu bisa tekuna. A Atlantika akwai Echinometra lucunter, wadda masanin halittu Linnaeus ya sa wa suna a 1758, baƙa ko ja, tana zaune daga Fulorida da Bamuda da tsibiran Karibiyan zuwa Burazil, har ta tsallaka zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma ta fi tawa girma in ta manyanta. A gaɓar Fasifik ta Amurka ta Tsakiya akwai Echinometra vanbrunti, wadda ƙasar Panama ta raba ta da 'yan'uwanta na Karibiyan lokacin da ta taso ta toshe tsakanin tekunan biyu, kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce. Ita kanta mathaei, masu bincike a tsibirin Okinawa na Japan sun gano cewa abin da ake kira da suna ɗaya iri huɗu ne masu kama da juna, har suka raɗa musu A da B da C da D, kowace da inda ta fi son zama a kan gaɓa. Yadda dabbar da ba ta son nisa da ƙofarta ta mamaye rabin duniya kuwa, a ƙuruciya ne. Maza da mata suna sakin iri cikin ruwa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe ƙanana ƙwarai, ido da kyar yake ganin su, su yi makonni ruwa yana tafiya da su kafin su sauka kan dutse su zama masu ƙaya. Yawonta na rayuwa duka a lokacin take yin sa. Ni na saye ta bayan ta gama.

Musanyar ban karɓa ba, kuma ba don karamci ba ne da farko. Fitar da ita ne ya gagara. Da zarar na kai hannu sai ta ja baya, ta kafa ƙayoyi a bangon ramin ta ko'ina, ta manne da ɗaruruwan siraran ƙafafunta masu tsotsa. Ko in fasa dutsen, ko in karya ta. A wannan kokawa ce ƙaya ɗaya ta shige mini a babban yatsa ta karye. Ba irin dogayen ƙayoyi masu raɗaɗi na wata bushiyar teku da ake kira Diadema ba ne, amma ta yi zafi, kuma da na sa hantsaki sai guntun ya riƙa marmashewa. Na jiƙa yatsan a ruwan zafi na cire abin da ya fito, sauran ɗigon baƙi ya yi kusan mako biyu kafin ya ɓace. Tun daga ranar safar hannu nake sawa.

Akwai abin da na karanta game da gaɓar Kenya da ya sauya yadda nake kallon tankina. Masanin halittun teku Tim McClanahan da abokan aikinsa sun shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu suna kwatanta wuraren da aka hana kamun kifi, irin su Malindi da Watamu da aka killace tun 1968, da wuraren da masunta ke shiga. Inda aka killace, bushiyar nan ba ta da yawa kuma tana ɓoye, domin akwai mai cin ta, musamman wani kifi mai ƙarfin baki da ratsin ruwan lemo, Balistapus undulatus. Inda aka kame kifin, sai ta yi yawa ta cika dutse, ta riƙa cin sa fiye da yadda murjani ke iya ginawa. Ita ɗin dai ce a wuri biyun. A ɗaya tana share wa jariran murjani wurin sauka tana buɗe ramukan da ƙananan halittu ke fakewa, a ɗayan tana rushe gidan. Tankina gaɓa ce da ba mai cin ta, dutsen kuma ba ya ƙaruwa. Guda ɗaya a lita 200 ana iya zama da ita. Da na biye wa kantin na ɗauki biyu, kamar yadda suke ba masu babban tanki shawara, da labarin ya bambanta, balle ma an san su da faɗa kan rami, mai gida yana ture baƙo da ƙaya har da cizo.

Abin da na yi daga baya ba shi da wuya. Na sauke ginin ƙofar na sake jera shi, manyan duwatsu a kan gilashin ƙasa kai tsaye, ba kan yashi ba, na haɗe su da gam ɗin da ke kamawa cikin ruwa. Rassan murjani na ɗauke su daga unguwarta na liƙa su da kyau a sama. Sau biyu a mako ina saƙala mata ɗan busasshen ganyen teku a bakin rami da dare. A nan na ga wani halin nata da ya fi burge ni: in guntun ganye ya zo wucewa da ruwa, sai ƙayoyi biyu ko uku su rufe a kansa kamar almakashi, ƙafafun su karɓa, su yi ta miƙa wa juna har ya kai baki a ƙasa. A teku ma da haka take samun wani kaso na abincinta, ruwa ya kawo mata har gida. Tun da na fara ciyar da ita farin filin da ke kewayenta ya daina faɗaɗa. Ina kuma lura da sinadarin kalsiyam na ruwan, ina riƙe shi a wajen miligiram 420 a kowace lita, tunda da shi take gina ƙaya da haƙori, kuma duk maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe a ciki ba ya kusantar tankin, don guba ne gare ta. Koriyar gansakukar, in an tambaya, rage abincin kifi da yawan sauya ruwa ne suka kashe ta. Bushiya ba ta da hannu a ciki.

Ba ta da ido, amma in na gitta hannu tsakaninta da fitila sai ƙayoyin su motsa, ta ƙara shigewa ciki. Fatar jikinta ce ke jin haske. 'Yata ta mayar da wannan wasa har sai da na hana.

Kantin, a wajen kula da dabba da naɗe kaya da amsa saƙo, sun cika. A wajen sanin abin da suke sayarwa da faɗa wa mai saye, sun gaza, kuma gazawar ta ci mini reshen murjani ɗaya da ɓawon shekara biyu. Zan sake saye a wurinsu, amma sai abin da aka rubuta cikakken sunansa, ko wanda suka turo mini hoton shi kansa ba na ɗan'uwansa ba. Mai tanki cike da ƙananan rassa masu tsada, ko ginin dutse da aka ɗora ba gam, ko tankin roba, ya bar wannan bushiya inda ya gan ta. Mai gansakuka da ke neman ma'aikaci shi ma haka. Wanda za ta yi wa daɗi shi ne mai manyan duwatsu da haƙurin tashi tsakar dare da jar tocila.

Na koma shafin nasu shekaranjiya. Hoton nan ne dai, layi biyun nan ne dai, har da "ta dace da sabon shiga". Tawa kuwa, tsagar da ta shiga da kyar a dare na huɗu yanzu ta zama ɗaki mai santsin bango, zagaye daidai jikinta, kuma ta fara karkata shi zuwa hagu, wajen dutsen da famfon ruwa ke jingine a kai. Gobe zan matsar da famfon.